"Ai tarko aka ɗana masa": ko wannan maganar na wanke mutum a kotu?

Da an kama wani da tramol ko kuɗin cin hanci sai ka ji 'yan uwa na ta cewa ai shiri ne, jami'an ne da kansu suka turo mai sayen. To a Najeriya dai wannan maganar ita kaɗai ba ta fidda mutum. Dokar Penal Code ta jihar Kaduna ta 2017 ta san kare kai, ta san taɓin hankali da ƙuruciya, amma tarko baya ciki.

A Amurka ne abin ya zama kariya sosai, tun shari'ar Sorrells a 1932, lokacin da aka hana giya a ƙasar, wani jami'i ya je wajen mutum da sunan tsohon soja ɗan uwansa, ya yi ta naci a samo masa giya har mutumin ya samo, Kotun Ƙoli ta ce irin wannan mutum na da damar kare kansa da cewa hukuma ce ta cusa masa laifin. Ingila kuma ba su ɗauke shi kariya ba, sai dai tun 2001 alƙali na iya tsaida shari'ar ɗungurungum in ya ga 'yan sanda ne suka ƙirƙiro laifin.

Bambancin da mutane basa ganewa kenan. In ɗan NDLEA ya sa kayan gida ya zo Kawo ya miƙa kuɗi, kai kuma nan take ka zaro kwalin daga ƙarƙashin kanta, malam dama sana'arka ce, dama kawai ya baka. Amma wanda aka bi wata da watanni ana magiya, ana cewa mahaifiya ba lafiya, har ya je ya nemo abin da bai taɓa sayarwa ba, wannan kam a ganina zalunci ne.

Abin da lauyansa zai riƙa a nan shine sashe na 14 da 15 na Dokar Shaida ta 2011. Hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya kotu na karɓa, sai in alƙali ya auna ya ga illar karɓar ta fi amfaninta. Ƙofa ce ƙarama wallahi.

Ku tuna tsohon ɗan majalisar wakilai Farouk Lawan da cin hancin dala 500,000 da ya karɓa daga attajiri Femi Otedola a 2012, inda Otedola ya ce da sanin DSS aka shirya. Hakan bai hana a ɗaure Farouk a 2021 ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shekara biyar a 2024.