Me ake nufi da sansanin gwale-gwale?

Kwanan nan kalmar nan ta cika kunne. A rediyo da Facebook za ka ji an kira gidan yari sansanin gwale-gwale, an kira wurin tsare baƙin haure haka, har sansanin 'yan gudun hijira ma bai tsira ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa muddin ba a hallaka mutane da iskar guba irin ta Hitila ba, to sunan bai dace ba. Duka sun kauce hanya, amma na biyun nan ne suka fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Kalmar tamu ma da nata laifin. Gwale-gwale a bakin Bahaushe horon jiki ne: tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso cikin rana. Shi ya sa da an ambace ta sai hankali ya tafi kan bulala. Alhali abin da ake nufi shi ne gwamnati ta kwashi fararen hula jama'a guda ta killace, ba tuhuma, ba alƙali, ba ranar fita, don kawai asalinsu ko addininsu. Ko ba a taɓa lafiyar kowa ba, an riga an yi zaluncin.

A dubi Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojojin ruwan Amurka a Hawaii, ranar 7 ga Disamba 1941. Ranar 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan, akasarinsu daga gaɓar yammacin ƙasar. Kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, a Amurka aka yanke musu cibiya. Aka ba su 'yan kwanaki su tattara, kowa iya abin da hannunsa zai ɗauka. Masu gona da kanti suka yi gwanjon dukiyarsu a wulaƙance. Aka rataya wa kowane mutum takarda mai lambar iyalinsu a riga, har jarirai, irin wadda ake ɗaura wa kaya a tasha. Wasu an fara sauke su a filin sukuwa na Santa Anita da na Tanforan, suka kwana a bargar dawaki da aka shafa wa farar ƙasa, warin kashin doki bai fita ba.

Daga nan aka rarraba su sansanoni 10, irin su Manzanar da Tule Lake a Kalifoniya da Topaz a Utah. Gwamnati ta raɗa musu suna mai laushi, wai cibiyoyin sauya matsuguni. Akwai makarantu a ciki, akwai filin ƙwallo, har jarida suna bugawa, kuma da wannan masu kare Amurka ke kafa hujja. To amma akwai waya mai ƙaya, akwai hasumiyar masu gadi da bindiga. A Topaz, ranar 11 ga Afrilu 1943, wani soja ya harbe dattijo James Wakasa mai shekara 63 har lahira a kusa da shinge, daga cikin sansanin.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne samarinsu. Daga cikin waɗannan sansanoni wasu suka shiga runduna ta 442, suka yi wa Amurka yaƙi a Italiya da Faransa. A Oktoban 1944 su ne suka ceto wata bataliyar sojojin Texas da Jamusawa suka yi wa ƙawanya a tsaunukan Vosges, suka yi asarar 'yan'uwansu da yawa. Ɗa yana zubar da jini saboda tutar ƙasa, uwarsa tana bayan waya a hamada.

Kotun Ƙoli ma ba ta cece su ba: a shari'ar 1944 ta Fred Korematsu, wani matashi mai asalin Japan da ya ƙi bin umarnin kwashe su, alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan gwamnati. Sai a 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa, tare da diyyar dala 20,000 ga duk wanda ke raye. Kimanin mutum 82,000 ne suka karɓa, dattawan da suka rasa gonakinsu kuwa yawancinsu ƙasa ta riga ta rufe musu ido.