Ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka kafa kamfanin fasaha

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda bai iya rubuta manhajar kwamfuta ba, ba shi da hurumin kafa kamfanin fasaha, kuma wannan fahimta ta sa mutane da dama sun binne dabarunsu tun ba su gwada ba.

Jack Ma tsohon malamin Turanci ne lokacin da ya tara abokai 17 a gidansa da ke Hangzhou, ƙasar Sin, suka kafa Alibaba, kamfanin saye da sayarwa ta intanet, a 1999. Jarinsa shi ne sanin cewa ƙananan masana'antun ƙasarsa na neman masu saye a ƙetare.

Labarin Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki ta intanet, ya fi fito da abin fili. A 2007, kuɗin haya ya gagari Brian Chesky da Joe Gebbia, waɗanda zane suka karanta, sai suka shimfiɗa katifun iska uku a gidansu na San Francisco, ƙasar Amurka, suka sauki baƙi uku da suka zo wani taro bayan otal-otal sun cika. Sai da suka ga mutane sun yarda su biya kuɗi su kwana gidan baƙo, sannan injiniya Nathan Blecharczyk ya shigo a 2008.

A ganina, inda irin waɗannan masu kafa kamfani ke yin tuntuɓe shi ne ɗaukar injiniya tamkar ɗan ƙwadago. Blecharczyk da hannun jari ya shigo, a matsayin abokin kafa kamfanin.