Aikin Sa-kai a Cibiyoyin Intanet na Al'umma: Me Baƙon Yake Zuwa Yi?

Tambaya: Yaushe aka fara tura masana kwamfuta aikin sa-kai zuwa ƙasashe masu tasowa?

Amsa: Lamarin ya yi ƙarfi ne a wajajen shekarar 2000, lokacin da mafi yawan masu shiga intanet a Afirka ba su da wata hanya sai ta kafe, inda ake biyan kuɗi gwargwadon mintunan da mutum ya zauna. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar Geekcorps a Amurka ƙarƙashin jagorancin Ethan Zuckerman, ta kuma tura rukuninta na farko zuwa Ghana na 'yan watanni. Kafin nan, hukumar UNESCO da abokan aikinta sun tallafa wajen buɗe cibiyoyin al'umma a Timbuktu da ke Mali da Nakaseke da ke Uganda.

Tambaya: Wane aiki ne yake cin lokacin ɗan sa-kai?

Amsa: A takarda, aikinsa koyarwa ne: buɗe imel, buga wasiƙa, neman bayani. A zahiri kuwa, wuta da ƙura da zafi su ne suke cinye masa yini. Idan ya kwance murfin kwamfuta a lokacin hunturu, sai ya tarar ƙura ta toshe fankar ciki, shi ya sa na'urar take ɗaukar zafi ta mutu ana tsakiyar rubutu. Ga kuma filashi guda da ya zaga kwamfutocin gari yana raba musu cuta. Wannan ne ya sa 'yan Geekcorps a Mali suka haɗa wata kwamfuta marar fanka, rufaffiya, mai ƙarancin cin wuta, suka kuma riƙa yin eriya da gorar roba. A ganina, wannan ya fi kwantenar tsofaffin kwamfutocin kyauta amfani nesa ba kusa ba.

Tambaya: Me ya sa wasu cibiyoyin suke durƙushewa bayan tafiyarsa?

Amsa: Baƙo raɓa ne, amma kuɗin layi da man janareto da albashin mai kula da wurin kowane wata suke dawowa. Idan tallafi ya ƙare alhali kuɗin da ake karɓa a hannun jama'a bai kai ya biya su ba, sai a sa kwaɗo a ƙofa. Wani lokaci ma kuskuren na ɗan sa-kan ne, idan shi kaɗai yake gyara, shi kaɗai ya san lambobin sirri, bai zaunar da ɗan gari ko ɗaya ya kwance na'ura da hannunsa ba.

Tambaya: Yanzu da waya ta wadata, akwai sauran buƙata?

Amsa: Akwai, sai dai ta sauya. Ba a cika zuwa domin hira ba. Ana zuwa ne domin cike fom ɗin jarrabawa, da neman aiki, da buga takardun da waya ba ta iya fitarwa.