Ƙa'idar wayoyi uku ta NCA: abin da ta tanada da inda ta gaza

Hukumar NCA ce ke sa ido kan harkar sadarwa a Gana, bisa Doka ta 769 da Doka ta 775, duka na shekarar 2008. Ita ke ba da lasisi, ita ke gindaya wa mai lasisi sharuɗɗa. A 2020, shekarar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku masu suna WACS da SAT-3 suka tsinke a watan Janairu, ta umarci kowane kamfanin wayar salula ya jona da aƙalla wayoyin ƙarƙashin teku uku, don in ɗaya ta mutu sauran su ɗauki kayanta.

Sauya hanyar ba hannun mutum ke yin sa ba. Manyan kamfanonin intanet suna sanar da juna hanyoyin da suke da su ta wani tsari mai suna BGP. Da zarar waya ta yi shiru, na'urorin sai su soke hanyoyin da ke binta, su karkata data zuwa wadda ta rage, cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Sai dai BGP ba ya duba faɗin hanya. A ce kamfani yana da gigabit 100 a kan kowace waya, jimilla 300, masu hulɗa da shi kuma suna jan 250 bayan sallar isha'i. Biyu suka tsinke, saura 100. Layi na nan da rai, amma saƙon murya na WhatsApp sai ya yi ta juyawa bai tafi ba.

Ranar 14 ga Maris 2024 ce ta nuna babban giɓin. Wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace rana ɗaya a tekun da ke kusa da Abijan. Kamfanin MainOne ya ɗora laifin kan motsin ƙasa a ƙarƙashin teku. Kamfanoni sun cika sharaɗin wayoyi uku, amma wayoyin duk ta yanki ɗaya suka ratsa, tamkar motoci uku ne a kan gada ɗaya. Ƙa'idar ta ƙirga wayoyi, ba ta tambayi inda suka bi ba, kuma a nan kuskurenta yake. Gyara ma ba na kwana biyu ba ne. Sai jirgin gyara ya yi lodin kaya, ya sami izinin shiga ruwan ƙasar, ya laluɓo bakin wayar a zurfin teku, ya jawo ta sama a ɗinke zaren gilashin ɗaya bayan ɗaya. NCA ta ce aƙalla mako biyar, aikin kuwa bai kammala ba sai a watan Mayu.

Bayan haka hukumar ta ƙara sharuɗɗa. Masu wayoyin teku su miƙa mata tsarinsu na ko-ta-kwana. Kamfanonin salula su riƙe wayoyi ukun, su kuma jona da wata wayar a yankin nan wadda ba ta sauka a Gana ba. Irinta ita ce Equiano ta Google, wadda ta sauka a Lome da Legas, ana isa gare ta ta tudu. An kuma amince wa Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, a watan Afrilun 2024, ko da yake tauraron ɗan Adam agaji ne kawai, ba zai ɗauki nauyin da wayar teku ke ɗauka ba. Sharaɗin da ya fi ma'ana a wurina shi ne na wayar waje, domin shi ne ya taɓa ainihin cutar.

Akwai kuma mahaɗar intanet ta GIX da aka buɗe a Akra a 2005. In banki da kamfanin salula duk sun jona a can, kuma rumbun bayanan bankin yana cikin gida, ɗan kasuwa a unguwar Nima ta Akra zai shiga manhajar bankinsa ko da teku ta cinye duk wayoyi. In rumbun yana Turai, jonawar ba ta tsinana komai.

Ƙa'idar ta ɗaure kamfanoni ne, ba ta ba mai shago tabbacin komai ba. Abin da ke kare asibiti ko ofishin canji a Mamobi ko Madina shi ne takardar yarjejeniyarsa da kamfanin intanet. In an rubuta layi zai yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, an yarda ke nan layi ya ɗauke kusan awa 8 da minti 46 a shekara. A duba ko an sa tsinkewar wayar teku cikin abin da ya fi ƙarfin kamfani, don in an sa, ba diyya. Wanda ya sayi layi biyu ya nemi taswirar kowanne, domin kamfanoni kan yi hayar zare a cikin bututu ɗaya, katafilar masu gyaran titi kuma ta datse su tare. Wannan ya fi damun na Kumasi, tunda datarsu sai ta gangaro bakin teku kafin ta fita waje. In an saɓa yarjejeniya, kamfanin ake fara kai wa kuka a rubuce, a ajiye lambar ƙorafi da lokutan da layi ya ɗauke, in bai yi komai ba a wuce NCA da su.