Asusun ISA a Birtaniya: Yadda Ake Zaɓensa, Yadda Ake Mayar da Shi Wani Banki, da Yadda Ake Auna Bankin Kansa

Mene ne asusun ISA, kuma da me ya bambanta da sauran asusun ajiya?

ISA asusu ne da gwamnatin Birtaniya ta ware domin mutum ya ajiye kuɗi ko ya zuba jari ba tare da an cire haraji daga abin da kuɗin suka haifar ba. An fara shi ranar 6 ga Afrilun 1999, lokacin da Gordon Brown yake ministan kuɗi, kuma shi ya maye gurbin tsare-tsare biyu da ake da su kafin nan, wato PEP da TESSA. Kuɗin ruwa ko ribar da aka samu a cikinsa ba a biya musu haraji, ba a kuma bukatar a rubuta su a takardar bayyana kuɗin shiga da ake aika wa hukumar haraji ta HMRC.

Manya suna da nau'i huɗu: na tsabar kuɗi, na hannun jari, na bayar da rance ta kafofin intanet, da kuma Lifetime ISA, wanda aka tanada domin sayen gidan farko ko ajiyar tsufa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 suna da nasu, Junior ISA, mai iyakar fam 9,000 a shekara. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga na tsabar kuɗi, domin shi ne mutane suka fi yawan ɗauka daga wannan banki zuwa wancan, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Wa ya cancanci buɗe shi, kuma nawa ake iya zubawa?

Dole mutum ya kasance mazaunin Birtaniya, ya cika shekara 18, kuma za a nemi lambarsa ta inshorar ƙasa. Ba a buɗe ISA da sunan mutum biyu, ko da miji da mata ne, kowa da nasa.

Iyakar abin da ake zubawa fam 20,000 ce a shekarar haraji guda, kuma haka take tun Afrilun 2017. Shekarar haraji tana farawa ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma duk abin da mutum bai yi amfani da shi ba daga kasonsa ya wuce ke nan, ba a tara masa shi zuwa baɗi. Tun Afrilun 2024 an yarda mutum ya zuba kuɗi a asusun ISA na tsabar kuɗi fiye da ɗaya a shekara guda, muddin jimillar ba ta haura iyaka ba, alhali a da guda ɗaya kawai aka amince da shi. A kasafin kuɗin Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da cewa daga Afrilun 2027 waɗanda ba su kai shekara 65 ba fam 12,000 kaɗai za su iya zubawa a na tsabar kuɗi, ko da yake jimillar fam 20,000 tana nan.

Tunda akwai kuɗin ruwan da ba a biya wa haraji ko a asusun yau da kullum, ina amfanin ISA?

Tambayar tana da tushe. Tun Afrilun 2016 wanda ke biyan haraji a matakin farko, wato kashi 20 cikin ɗari, yana iya samun kuɗin ruwa har fam 1,000 a shekara ba tare da haraji ba. Wanda ke mataki na kashi 40 yana da fam 500, wanda ke matakin ƙoli kuwa ba shi da komai. A ɗauki misali da kashi 4 cikin ɗari: ajiyar fam 25,000 ce za ta haifar da fam 1,000, ajiyar fam 12,500 kuma fam 500. Saboda haka mai ƙaramar ajiya yana iya samun abin da ya fi a asusun yau da kullum idan kuɗin ruwansa ya ɗara na ISA.

Amma lissafin shekara guda ba ya nuna komai da komai. Ajiya tana girma, albashi yana ƙaruwa ya jefa mutum wani matakin haraji, kuɗin ruwa a kasuwa yana hawa ba zato. Kuɗin da suka shiga ISA suna cikin kariya shekara bayan shekara, kuma a ganina wannan ɗorewar ita ce ainihin darajar asusun ga duk wanda yake nufin ajiya mai tsawo.

Me ya kamata a duba kafin a zaɓi asusu?

Abu na farko shi ne mutum ya tambayi kansa yaushe zai buƙaci kuɗin. Akwai asusun da ake cire kuɗi kowane lokaci, wanda banki yake da ikon rage kuɗin ruwansa, akwai wanda sai an ba da sanarwar wasu kwanaki, akwai kuma mai ƙayyadadden wa'adi na shekara ɗaya zuwa biyar, wanda adadin da aka yi alkawari ba ya canzawa. Wanda kuɗin nan su ne na ko-ta-kwana, bai dace ya ɗaure su shekara uku don ƙarin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan haka sai a kwatanta adadin da aka rubuta da alamar AER, domin shi ne ke nuna abin da kuɗi za su haifar a cikakkiyar shekara, ko ana biya wata-wata ko sau ɗaya. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Wasu asusun suna fitowa a saman jadawali ne saboda an ɗora musu ƙarin wucin gadi na wata shida ko goma sha biyu, da zarar wa'adin ya cika sai adadin ya faɗo, mai ajiya kuwa ya manta. Wasu kuma suna rage adadin idan an cire kuɗi fiye da sau uku ko huɗu a shekara. Ranar da aka buɗe asusu, ya kamata a rubuta ranar da ƙarin zai ƙare a inda ido zai gani.

Sai a duba ko asusun mai sassauci ne, wanda takardun banki ke kira flexible. A irinsa, idan mutum ya cire fam 3,000 ya mayar da su kafin shekarar haraji ta ƙare, ba a lissafa su a matsayin sabon zubi. An kawo wannan tsari a 2016, amma ba a tilasta wa bankuna bin sa ba, don haka sai an karanta sharuɗɗa.

Ga wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, ƙofar ba ta rufe ba. Bankuna irin su Al Rayan da Gatehouse suna da ISA na tsabar kuɗi da ke bin tsarin Shari'a, inda ake bayyana ribar da ake sa ran samu daga kasuwancin halal a maimakon kuɗin ruwa, kuma dokokin haraji da na sauya banki duk ɗaya ne.

Yaya ake mayar da ISA daga wani banki zuwa wani?

Ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci: kada mutum ya cire kuɗin da hannunsa. Wanda ya rufe tsohon asusu, aka zuba masa kuɗin a asusunsa na yau da kullum, sannan ya ɗauka ya kai sabon banki, ya fitar da su daga kariyar haraji, kuma mayar da su zai ci kasonsa na bana. A ce mutum ya tara fam 50,000 cikin shekara biyar ya yi wannan kuskuren. Fam 20,000 kawai zai iya mayarwa a wannan shekarar, sauran fam 30,000 kuma su zauna a waje suna jiran shekaru masu zuwa. Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa mai hankali da tsari ne yake yin haka, don yana ganin ya fi sauri ya yi abinsa da kansa.

Hanyar da ta dace ita ce a fara daga sabon banki. Da farko a tabbatar asusun da ake so yana karɓar kuɗin da aka ɗauko daga wani ISA, domin doka ta wajabta wa banki ya saki kuɗin mai tafiya amma ba ta wajabta masa karɓar mai zuwa ba. Sannan a buɗe asusun a cike fom ɗin neman mayarwa, inda za a rubuta sunan tsohon banki, lambar asusu, da ko duka kuɗin ake so ko wani kaso. Daga nan bankunan biyu ne za su yi magana tsakaninsu. Ya kamata a tabbatar suna, adireshi da lambar inshorar ƙasa sun yi daidai a ɓangarorin biyu, domin tsohon adireshi ko bambancin rubutun suna ya isa ya sa a dawo da fom.

Kuɗin shekarun baya da aka mayar ta wannan hanya ba sa cin komai daga kason bana, komai yawansu. Na shekarar da ake ciki kuwa, a da sai dai a ɗauke su gaba ɗaya, amma tun Afrilun 2024 ana iya ɗaukar wani ɓangare idan bankin yana bayar da wannan dama. Lifetime ISA yana buƙatar taka-tsantsan na musamman: idan aka mayar da shi wani nau'in ISA kafin mutum ya cika shekara 60, ana cire kashi 25 cikin ɗari, wanda ke cinye tallafin da gwamnati ke ƙarawa a irin wannan asusu har ya taɓa uwar kuɗin.

Idan kuɗina suna ɗaure a asusu mai wa'adi, zan iya tafiya?

Ana iya tafiya, amma da tara, kuma yawanci ana lissafa tarar da kuɗin ruwan wasu kwanaki, kamar 90 ko 180 ko fiye. Lissafi ne zai raba gardama. Misali, fam 20,000 a kan kashi 3, saura shekara guda, tara kuma ta kwana 180: wajen fam 296 ke nan. Sabon asusu mai kashi 4 zai ƙara fam 200 ne kawai a shekarar, don haka tafiyar asara ce. Mafi yawan fom suna da wurin da ake zaɓar a jira wa'adi ya cika kafin a ɗauke kuɗin.

Kwana nawa abin ke ɗauka, kuma me ake yi idan an ja ƙafa?

Daga ISA na tsabar kuɗi zuwa irinsa bai kamata ya wuce kwanakin aiki 15 ba, sauran nau'o'in kuma kwana 30. Idan wa'adin ya wuce, a rubuta ƙorafi ga bankin da jinkirin ya fito daga wurinsa, a ambaci ranar da aka miƙa fom, a kuma nemi a biya abin da aka rasa a kwanakin jira. Banki yana da mako takwas ya ba da amsar ƙarshe. Idan bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, ana kai maganar ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi, Financial Ombudsman Service, cikin wata shida daga ranar amsar, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ta yaya ake auna yadda banki ke kula da abokan hulɗarsa, kuma ya kai a bar kuɗin ruwa mai tsoka saboda shi?

A fara da mayar da bambancin zuwa fam. Tsakanin kashi 4.1 da kashi 4.2 a kan fam 20,000, fam 20 ne a shekara. Wanda zai kwashe awa uku a waya yana jiran a ɗauka, ko kuɗinsa su maƙale mako shida lokacin da yake shirin biyan kafin alƙalamin gida, ya yi asarar da ta fi fam 20 nesa ba kusa ba. Idan kuwa bambancin ya kai kashi ɗaya cikakke, fam 200 ke nan, kuma a nan ba na ganin fara'ar ma'aikacin reshe ta isa hujjar zama. Sabo da tsohon banki yana ci wa mutane kuɗi fiye da yadda suke zato, musamman a tsofaffin asusun da aka daina tallatawa aka bar su da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai ma'aunai da ba ji-ta-ji-ta ba. Tun 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta CMA ta wajabta wa manyan bankuna wallafa sakamakon binciken ra'ayin abokan hulɗarsu sau biyu a shekara, a rassansu da shafukansu. Binciken ya shafi asusun yau da kullum ne, amma yana nuna halin gidan. Hukumar FCA, mai sa ido kan kamfanonin harkokin kuɗi, tana fitar da alƙaluman ƙorafe-ƙorafen da kamfanoni suka karɓa, ofishin sasantawa kuma yana bayyana kason ƙararrakin da aka ba mai ƙorafi gaskiya. Ra'ayoyin da jama'a ke rubutawa a intanet suna da amfani idan aka nemi abin da ke maimaita kansa, musamman game da sakin kuɗi lokacin tafiya, domin kowane banki yana da sakin fuska ranar karɓar ajiya.

Gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya kira su kafin ya buɗe asusu, ya yi tambaya guda takamaimiya, kamar ko suna karɓar wani ɓangare na kuɗin bana, ya ga minti nawa ya jira da kuma ko wanda ya amsa ya san abin da yake faɗa. A kuma duba ta wace hanya ake tafiyar da asusun. Wanda manhajar waya kaɗai ake amfani da ita ya dace da wasu, amma ga dattijo ko wanda ya fi natsuwa da magana ido da ido, rashin reshe ko lambar waya babbar matsala ce.

Idan bankin ya durƙushe fa?

Tsarin kare kuɗin masu ajiya, wato FSCS, yana biyan diyya har fam 120,000 ga kowane mutum a kowace cibiya mai lasisi, adadin da ya tashi daga fam 85,000 ranar 1 ga Disamban 2025. Lasisi ake ƙirgawa, ba suna ba. HSBC da First Direct lasisi ɗaya suke amfani da shi, haka ma Halifax da Bank of Scotland, don haka wanda ya raba kuɗinsa tsakanin irin waɗannan sunaye biyu kariya guda yake da ita. Mai shirin haɗe tsofaffin asusunsa wuri ɗaya ya lissafa har da sauran ajiyarsa da ke wannan bankin.

Me ke faruwa da asusun idan mutum ya bar Birtaniya?

Yana iya riƙe asusunsa, kuma Birtaniya ba za ta cire masa haraji ba, amma dole ya sanar da bankin, kuma ba zai ci gaba da zuba sabon kuɗi ba bayan shekarar harajin da ya tashi, sai in ma'aikacin gwamnatin Birtaniya ne da aka tura waje ko abokin aurensa. Ƙasar da ya koma tana iya neman haraji a kan ribar bisa dokarta. Doka ba ta hana shi mayar da asusun wani banki ba, sai dai bankuna da yawa ba sa buɗe wa mai adireshin waje sabon asusu, saboda haka wanda ke da niyyar sauya banki ya kammala tun yana ƙasar, ya kuma tabbatar lambar wayar da ake aiko masa da lambobin sirri za ta yi aiki a inda za shi.