Gadon mace da namiji: abin da Kotun Ƙoli ta faɗa da wanda aka ƙara mata

Duk bayan 'yan watanni sai saƙon nan ya sake tasowa a WhatsApp, wani lokaci a rubuce, wani lokaci da muryar wani mai kumfar baki. Wai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa daga yanzu mace da namiji daidai za su ci gado a duk faɗin Najeriya, wai alƙalin da ya bai wa namiji biyu mace ɗaya zai rasa aikinsa, magajin da ya ƙi kuma sai gidan yari. A ƙarshe a ce ka tura wa Musulmi goma. A majalisun ƙofar gida a nan Kano, daga Gwammaja har Hotoro, an sha tayar da jijiyar wuya a kai, har ka ji dattijo na cewa gara ya raba abinsa tun yana numfashi kafin gwamnati ta raba masa.

Babu wannan dokar. Akwai dai hukunci na gaskiya, kuma shi aka ɗauko aka yi wa ƙari.

Hukuncin shi ne na shari'ar Ukeje, wanda Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Afrilu, 2014, Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour ne ya karanta. Wani mutumin ƙabilar Ibo mai suna Ukeje ne ya rasu a Legas a 1981 bai bar wasiyya ba. Matarsa da ɗansa namiji suka karɓi takardar kula da dukiyar, suka ajiye 'yarsa mace a gefe. Ta kai ƙara, aka yi ta ɗaukakawa, sai bayan sama da shekara 32 da mutuwar mahaifinta maganar ta ƙare. Kotu ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda abubuwa irin su jinsi, don haka ba ta da gurbi. A shekarar dai, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta yi fatali da wata al'ada ta Awka da ke raba bazawara da gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba.

A lura da abin da ke gaban kotun. Tambayar ita ce ko 'ya mace za ta ci gado ko ba za ta ci komai ba. Ba a tambayi kotu nawa za ta ci ba, mamacin ba Musulmi ba ne, ba a kawo Suratun Nisa'i gaban alƙalan ba. Abin da suka soke kuwa, wato a hana mace gado don ita mace ce, Musulunci ya soke shi tun a Madina. Da masu tura saƙon sun karanta hukuncin, da sai su ga babu wani abu a ciki da zai tayar wa malamin Kano hankali.

Inda mutane ke ruɗewa jimla ɗaya ce, kuma ita ake yankowa a yi ta yawo da ita. Mai Shari'a ya ce ko ta wace hanya aka haifi 'ya mace, tana da haƙƙin gadon mahaifinta. Ya ɗauko wannan ne daga sashe na 42, ƙaramin sashe na 2, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa kawai. Idan ka karanta jimlar ita kaɗai sai ka ce ta haɗa kowa da kowa, har ɗan da aka samu ba ta hanyar aure ba, wanda a fiƙihun Malikiyya yana gadon uwarsa amma ba ya gadon wanda ya yi cikinsa. To amma jimlar da ke biye da ita al'adar Ibo ta ambata da suna. Hukuncin kotu yana ɗaure ƙananan kotuna ne a kan tambayar da aka kawo aka yanke, ba a kan duk abin da mai karatu zai iya cusawa cikin kalma ɗaya ba.

Sannan kundin da ke ɗauke da sashe na 42 shi ne dai ke ɗauke da sashe na 277. Wannan ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure, saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado, matuƙar mamacin ko mai kyautar Musulmi ne. Waɗanda suka rubuta kundin sun san yadda Musulmi ke raba gado lokacin da suka rubuta wannan. Akwai lauyoyi da masu fafutuka da ke ganin sassan biyu na karo da juna, suna son a wayi gari sashe na 42 ya yi rinjaye. Ra'ayinsu ne, suna rubuta shi a jaridu da mujallun jami'a, amma hukuncin 2014 bai ba su abin da suke nema ba. Ka je kotun Shari'a ta Ƙofar Kudu gobe da safe, rabon da za ka tarar ana yi shi ne wanda kakanka ya sani. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa sama, har Kotun Ƙoli, kuma a can ma da shari'ar Musulunci za a auna maganarsa.

Wanda hukuncin Ukeje ya shafa a Kano shi ne wanda gadonsa ke bin al'ada, kamar maƙwabtanmu na Sabon Gari da ba Musulmi ba.

Wani abin da ke rura jita-jitar shi ne ƙudirin daidaita jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta Ekiti ta kai Majalisar Dattawa. Shi kam ya taɓo gado, shi ya sa aka yi ca a kansa. Sanatoci suka yi watsi da shi a Maris 2016, aka gyara aka dawo da shi, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya fito fili a ƙarshen shekarar ya ce Musulmi ba za su karɓi sauya rabon gado ba, a Disamba 2021 kuma aka sake jingine shi. Ƙudiri ne, bai zama doka ba. Jihar Ribas ta yi tata dokar a 2022 zamanin Nyesom Wike don mata su samu rabo a dukiyar gida, iyakarta kuma Ribas. Ko a Tunisiya, inda shugaban ƙasa Beji Caid Essebsi da kansa ya tura ƙudirin daidaita gado a 2018, ya rasu a 2019 majalisa ba ta zartar ba.

Batun gidan yari fa? Hukuncin Ukeje bai ɗaure kowa ba, shari'ar dukiya ce, ba ta laifi ba. Inda ɗauri ya shigo shi ne dokar hana cin zarafi ta tarayya, VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2015. A Abuja take aiki kai tsaye, jiha kuwa sai majalisarta ta yi tata. Ta lissafa hana mutum gadonsa cikin nau'o'in danniya ta fuskar dukiya, ta sa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. A sake karantawa da kyau: hana gado aka ce. Wanda ya miƙa wa ƙanwarsa kasonta, wato kwatankwacin rabin nasa, kamar yadda aya ta ce, bai hana ta komai ba. Wanda ya kamata gabansa ya faɗi shi ne wanda ya riƙe nata ya haɗa da nasa.

Su kuwa waɗannan ba su da wuyar samu a garin nan, kuma abin da na lura shi ne sau da yawa su suka fi kowa saurin tura saƙon. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, da gidan da ya kai naira miliyan 16 bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya. Matar na da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2. Sauran miliyan 14 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. Wato miliyan 8 cif, rabin gidan, na matan ne. Amma me ake yi? Sai babban wa ya ce gidan gado ba a sayarwa, abin kunya ne a ce 'ya'yan Alhaji sun sa gidan ubansu a kasuwa. Ya zauna a sashe ɗaya, ƙanensa a ɗaya, shagunan ƙofar gida a ba da haya, kuɗin na shiga aljihu ɗaya. Matan suna gidajen mazajensu. Idan ɗaya ta buɗe baki a ce mijinta ne ke zuga ta, ko a turo gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, za ki kai yayanki gaban alƙali? Ki yafe, Allah zai ba ki wani." Da salla a aika mata turmin atamfa da buhun shinkafa, a ɗauka an biya.

Yafiya halal ce, amma ta wanda ya san nawa ne rabonsa, yana da ikon karɓa, ya bari don kansa. Wadda aka yi wa taron dangi har ta ce ta yafe don kar a daina gaishe ta, ni ban ga yafiya a nan ba. Kuma hujjar da malamai ke kawowa kan bambancin rabon ita ce namiji ne ke ɗauke da sadaki da ciyarwa da tufatarwa, har ɗawainiyar 'yar uwarsa idan ta rasa mai riƙe ta. Wanda ya karɓi kaso biyu ya bar ƙanwarsa bazawara tana haya a Rijiyar Lemo da marayu, ya ɗauki rabin hukuncin ne ya bar rabi. Ba ko'ina ma ake biyu da ɗaya ba: uwa da uba kowanne sudusi yake ɗauka idan mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan uwa na ɗaki ɗaya da ba uba ɗaya ba kuma daidai suke raba nasu, mace da namiji.

Dattijon da ke son rabawa tun yana da rai, shi ma a yi masa bayani. Abin da ka bayar da ranka kyauta ce, ba gado ba, kuma a Malikiyya ba ta tabbata sai wanda aka bai wa ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu. Takardar da aka rubuta aka sa a ƙarƙashin katifa, gida kuma yana hannun mai shi har ya cika, gidan gado ne. Wasiyya iyakarta sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun amince. Uban da ya mallaka wa maza filaye don kar su faɗa hannun surukai, ya tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi (SAW) ya ƙi shaidar kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita, ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Macen da aka riƙe wa rabo ba ta buƙatar jiran yardar kowa. Magaji ɗaya ya isa ya nemi kotun Shari'a ta yankinsu ta raba, ko da sauran ba sa so. Kotu za ta kira magada, ta tabbatar da mutuwa da dangantaka da dukiya ta bakin shaidu, a yi wa gida ƙima. Idan ba ya rabuwa, mai son zama ya biya sauran, ko a sayar a raba kuɗi. Masu ce mata shekara 10 ta wuce don haka haƙƙinta ya faɗi suna ɗauko hukuncin hauzi ne, wato daɗewar abu a hannun mutum ba tare da mai shi ya nema ba, na tsakanin bare da bare. Tsakanin dangi wa'adin da malaman Malikiyya ke ambata ya kai shekara 40. Duk da haka jinkiri ita yake cuta, don shaidun da suka san iyakar gona suna mutuwa, takardun fili na ɓata, kuma idan babban wan ya rasu ba da shi za ta yi shari'a ba, da 'ya'yansa ne, waɗanda suka taso suna jin ana cewa gidan babansu ne.