Koyar da magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Koyar da magana wani fanni ne na kiwon lafiya da ake taimaka ma wanda da can yana magana lafiya lau, sai ciwo ya ɗauke mai ita ko ya karkatar da ita. Mafi yawa shanyewar ɓarin jiki ke kawo haka, wanda hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, sai buguwar kai a haɗarin mashin da ciwon Fakinsin mai sa karkarwa.

Matsalar ba iri ɗaya ba ce. Akwai afeshiya, kalmar ce ke ɓace ma mutum, yana kallon buta ya san buta ce amma sunan ya ƙi fitowa. Likitan Faransa Paul Broca ya yi bayanin wani majinyaci a 1861 wanda "tan" kaɗai yake iya faɗi, ya gano matsalar na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa galibi wanda hannun damansa ya shanye ke rasa magana. Akwai kuma disatriya, nan kalmomin na nan, leɓe da harshe da maƙoshi ne sunka yi rauni, maganar ta fito a cakuɗe, ɓ da ƙ da ts su yi nauyi, wani har ya riƙa ƙwarewa da ruwa.

Masanin magana kan sa majinyaci gaban madubi ya tsuke baki, ya fiddo harshe, ya cika kumatu da iska. Amma motsa baki kaɗai bai cika maido da magana ba, sai an yi ta maimaita kalmomi na gaske, ruwa, fura, sunan ɗiya, kullum ko da minti kaɗan ne. Abin tausayi, za ka ga dattijo bai iya faɗin sunan matarsa ba amma ya karanta Fatiha tas har ƙarshe, don abin da baki ya saba da shi da daɗewa yakan tsira, kuma da shi ake farawa.

A Sakkwato da yawa sai su ce iska ce ta buge shi, a yi watanni ana hayaƙi, alhali watannin farko ne ƙwaƙwalwa ta fi murmurewa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ake iya kai irin wanga majinyaci, sai dai masanan magana kaɗan ne a Najeriya, nauyin na komawa kan 'yan gida: a tambaye shi abu ɗaya, "Baba, kunu ko shayi?", a kashe rediyo, a jira shi ya amsa da kansa kar a riga shi.